Ƙugiyar Da Ta Ɗaura Min Aure

Kwana goma sha ɗaya ban rubuta muku komai ba. Na ga ƙorafinku, har da wadda ta ce ko aure na yi na manta da ku. Baiwar Allah, ba ki san kin taɓo inda yake min ciwo ba. An yi min auren kam, a cikin waya, ba ango, ba waliyyi, ba goro. Harafi ɗaya ne ya ɗaura shi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Sabuwa Ya'ƙub, 'yar Gusau. Shekarata ta uku ke nan ina karatun Larabci a Alƙahira. A unguwar Faisal nake zaune, hawa na biyar, gidan yayana Harun da matarsa Anty Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai bakin tsokana. Kwana uku a mako kuma ina shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa unguwar Dokki, inda nake yi wa wasu mutum biyu tafinta.

Madam Tokiko 'yar Japan ce, ƙaramar mace mai furfura, kullum cikin riga toka-toka mai manyan aljihu. Da buroshi da baƙar tawada take zane. Mista Reto ɗan Suwizalan ne, dogo har ya rusuna, aikinsa tsara haruffa da shafukan littafi. Kafin ku tambaya, ba mata da miji ba ne. Shi matarsa likitar haƙori ce, ita kuma mijinta ya jima da rasuwa. Tebur kawai suka haɗa, dogo guda ɗaya, shekara goma sha tara. Ita tana gefen taga tana niƙa tawada a kan wani baƙin dutse, shi yana ɗaya ƙarshen da rula da kwamfuta. Kafin azahar ba sa yi wa juna magana. In ta gama zane sai ta turo takardar ta bi tebur, shi kuma ya zauna yana kallonta kamar an aiko masa da wasiƙa, sannan ya zaɓa mata inda za ta zauna a shafi da yawan filin da za a bar mata.

Doka biyu gare su. Ita ba ta zana abu sau biyu. Shi kuma ba ya taɓa layinta, ko ɗigo ne.

Ba zan ɓoye muku ba, ni wannan zaman nasu shi ya lalata ni. Na karanta littattafan soyayya har ban san iyakarsu ba, amma ban taɓa jin abin da nake ji ba in na ga takardar nan tana tafiya a kan tebur. Mutum ya karɓi abin da ya fito daga hannunka, bai gyara ka ba, sai dai ya nema masa wurin zama. Tsakiyar teburin nan, inda suke ba ni kujera, nan ne kaɗai wurin da nake jin ni ce ni a duk faɗin Masar.

Littafin da suke yi bana na baƙin gari ne. Ana tambayar mutum, “Ya Alƙahira?” sai ya ba da amsa da harshensa, Madam ta zana amsar, Mista Reto ya tsara. Ni nake raka su wajen 'yan Sudan da 'yan Cadi da 'yan Nijar. Ranar nan Madam ta juyo ta ce min da Larabcinta mai tsalle-tsalle, “Ke fa? Mutanenku me suke cewa?”

Na yi dariya na ce, “An daure.”

Ai kun san mu. Zafi, cunkoson ƙananan bas ɗin haya da ake kira mikrobas, kewar tuwo, duk amsar ɗaya ce, an daure dai. Na rubuta mata da fensir a 'yar takarda, na ce ma'anarsa an yi haƙuri, an jure. Daga nan jarrabawa ta ɗauke ni mako biyu ban leƙa Dokki ba.

Talatar da ta wuce na fito daga jarrabawar nahawu da azahar, na kunna waya a bakin ƙofa. Saƙo ɗari biyu da wani abu. Na buɗe zauren ɗalibai mata, abin da na fara gani hoto ne: farar takarda, manyan baƙaƙen haruffa masu kyau kamar su yi magana.

AN ƊAURE

A ƙasa, da ƙananan haruffa: Sabuwa Ya'ƙub, Faisal. Alhamis, ƙarfe biyar na yamma, Dokki.

Sanarwar baje kolin littafin ce, amsata suka zaɓa ta zama fuskarsa. Bayanin duk yana can ƙasa da Larabci da Turanci, amma wa ya tsaya karantawa? Buroshin Madam in ta dangwala shi a farkon harafi yakan ɗan lanƙwasa kafin ya sauko. Wannan 'yar lanƙwasar ce ta hau kan d ɗina ta zama ƙugiya.

“Sabuwa haka ake yi? Ko anko babu?”

“Allah ya sanya alheri, waye angon?”

“Dokki fa. Lallai Balarabe ta samo.”

“Wayyo Malam Kamilu, an ƙwace masa ita.”

A mikrobas ban san sanda na wuce layinmu ba, sai da na dawo da ƙafa, abayata tana sharar ƙura. Ina tura ƙofa ƙamshin turaren wuta ya tare ni, Anty Mahasin ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa.

“Mabruk ya arus. Da kin faɗa min ai da na kwaɓa miki dilka tun makon jiya. Haka za ki je gidan miji da gwiwar hannu kamar bayan kada?”

“Anty don Allah ki bari.”

“Na bari. Amma Mama ta kira sau huɗu, yayanki kuma tun da ya shigo ko shayi bai sha ba.”

Saƙon muryar Mama minti uku ne. Gwaggo Hansatu ce ta kai mata hoton har ɗaki, da rakiyar mata biyu. “Sabuwa, Harun ya ce min kuskure ne, na kuma yarda. Amma ki gaya min, bakin mutum nawa zan bi in toshe a Gusau? Yau ko islamiyya kasa zuwa na yi.” Muryarta ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. Da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

Yaya Harun yana falo a kan darduma, littattafai zube a gabansa, ko ɗaya bai buɗe ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

“Tafinta kika ce min kina yi,” ya ce.

“Ita nake yi, Yaya.”

“Tafinta ce ta kai sunan Baba bangon titi?”

Na fara yi masa bayanin buroshi da lanƙwasa. Ya ɗaga hannu.

“Na iya karatu, na ga ƙugiyar. Gobe ki je, kafin Alhamis a sauke abin nan, a cire sunan gidanmu. Daga nan kuma Dokki ta ƙare.”

Wallahi ji na yi kamar an janye tabarmar da nake kai. Na ce, “Yaya, a sauke, na yarda. Amma kar ka raba ni da wurin. Ka yi min kowane hukunci ban da wannan.”

Yaya Harun ba mugu ba ne, shi ya tsaya aka bar ni na zo Masar. Ya ce, “Ni riƙo aka ba ni, na ɗan lokaci ne. Shekara biyu Kamilu yana hawa benen nan yana sauka, kina ce masa sai kin gama. In shi ya ce ya yarda matarsa ta riƙa hawa metro zuwa wajen masu zane, ni ba ruwana. Kin taɓa tambayarsa?”

Na sunkuyar da kai.

Ban taɓa ba. Kamilu ɗan Yelwa ne, abokin Yaya, yana digiri na biyu a fiƙihu, a unguwar Ainu Shams yake zaune. Mutum ne mai farar jallabiya da guga ya kama, mai magana a hankali, in zai yi dariya sai ya kalli ƙasa. Ina son sa, wannan na sha gaya muku. Amma duk ranar da ya zo zance, in hira ta doshi Dokki sai in karkatar da ita zuwa jarrabawa ko tsadar tumatir. Tsoro nake ji. In ya ce a'a, dole in zaɓa, ni kuma ban shirya sanin wanda zan zaɓa ba.

Ina shiga ɗaki saƙonsa ya shigo.

“Assalamu alaikum Malama. Na ga kati. Allah ya ba da zaman lafiya.”

Na zauna a bakin gado ko hijabi ban cire ba, na jera masa saƙo bakwai, har da rantsuwa. Sai da na gama ya amsa.

“Na sani. Na karanta Larabcin tun safe.”

“To me ya sa ka tsorata ni?”

“Mutum goma sha biyu suka yi min jaje yau a masallaci. Wani har ya saya min lemo. Na ce bari ke ma ki samu rabonki.”

Na yi dariya da hawaye a idona. Sai ga wani:

“Malama, na gaji da jajen auren da ba a yi ba, na kuma gaji da jiran wanda za a yi.”

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Na kife wayar. Na tashi na gyara durowar da ba ta buƙatar gyara, na ninke gyalena duka na warware, na leƙa taga ina kallon mai rariyar burodi a ka yana ratsa motoci da keke. Anty ta kawo min asida, tuwon 'yan Sudan, da miyar kuɓewa, cokali biyu na yi.

Laraba tun ƙarfe tara ina Dokki. Baƙar abaya na sa da ɗankwalin atamfa ruwan goro a ƙarƙashin mayafi, don in ji ƙarfin gida a jikina. Mai gadin ginin yana gaishe ni da “sabahul ful ya duktura” ko amsawa ban yi sosai ba. A bangon matakala ga ta nan an manna, An Ɗaure, ta fi tsayina.

Na tarar da su yadda na sani, ita tana niƙa tawada, shi yana auna wani abu. Na karya musu shirun safe, abin da ban taɓa yi ba.

“Akwai kuskure a sanarwar.”

Mista Reto ya miƙe kamar na ce gobara. A duniya ba kalmar da yake tsoro kamar kuskure. “Ina? Ranar? Lambar gidan?”

Na ɗauki fensir na rubuta d, na rubuta ɗ a gefenta. Na furta musu, daure, ɗaure. Na sake. Madam ta karkata kai ta ce ita abu ɗaya take ji. Mista Reto ya gwada, ya fito da wani sauti kamar ya haɗiye ƙashin kifi. Na ce ta farko haƙuri ce, ta biyu kuwa ita ake faɗa in liman ya shafa fatiha an gama ɗaura aure.

Ya dafe goshi ya koma kujera. “Na san harafin nan. Na sha ganin sa a jerin haruffan duniya. Shekara talatin ina aikin haruffa, ya zo har teburina ya zauna, ban gane shi ba.”

“Wato mun aurar da ke,” Madam ta ce, ta rufe baki da hannu, kafaɗarta na rawa.

“Madam, mahaifiyata ta kasa fita daga gida.”

Dariyar ta tsaya cak.

Mista Reto ya jawo hoton a kwamfuta, ya ƙara girman ƙugiyar har ta cika fuskar. Ya ɗora hannu, ya ce cikin ƙiftawar ido zai share ta. Amma hannun bai motsa ba. Ya kalli ɗaya ƙarshen teburin.

“Shekara goma sha tara,” Madam ta ce, ba ta ko ɗago ba.

“To ki sake zanawa, Tokiko.”

“Na biyu ba zane ba ne. Hannu ne yake kwaikwayon kansa.”

“Wannan ba zancen zane ba ne, harafi ne ba daidai ba.”

“Nan ne na ja numfashi. Kai ka ce nan ya fi ko'ina kyau.”

“Na faɗa, domin ban iya karanta shi ba.”

Suka koma wani yare da suka haɗa wa kansu, rabi Jamusanci rabi ban san mene ne ba. Ban taɓa jin muryarsu ta ɗaga ba sai ranar. Ya cire tabarau ya mayar, ita ta ajiye dutsen tawada da ƙarfi har ruwa ya fantsama. Na tsaya a tsakiya ina kallon abin da na fi sha'awa a duniya yana tsagewa saboda kalmata. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

“Ku bar shi. Ku sauke ta kawai ku cire sunana. Dama yau ce ranata ta ƙarshe, yayana ya ce kar in sake zuwa.”

Madam ta zagayo tebur, ta tsaya a gabana, kanta bai wuce kafaɗata ba. Ta kama hannuna na dama ta juya shi tana dubawa, har lallen da ya fara goguwa a yatsuna.

“Ni ba na zana abu sau biyu. Shi ba ya taɓa layina. Reto, a cikin dokar akwai sunan Sabuwa?”

Ya yi tunani da gaske, kamar mai duba takardar kotu. “Babu.”

“Kalmarta ce. Tun farko kuskurena shi ne da na karɓa daga hannunta.”

Ta shimfiɗa sabuwar takarda a tsakiyar tebur, ta danne gefunan da duwatsu, ta miƙo min buroshinta. Wannan buroshin ko wanke shi ba ta bari a yi mata. Mista Reto ya kwashe rulolinsa ya matsa gefe, yana cewa in na gama yau, gobe da safe za a buga sabuwa. Ya ƙara da cewa tunda hannuna ne, sunana ba zai zauna a ƙasa ba kuma, sama zai hau, tsakanin nasu biyun. Haka tsarin yake, wai, ba alfarma ba ce.

Ku ji fa. An aiko ni in cire suna, ga shi ana shirin ɗaga shi sama.

Na tsoma buroshin. Ina ɗago shi tawada ta ɗiga a gefen tebur. Madam ta riƙe tsintsiyar hannuna kafin in kai takarda.

“La', a'a. Akwai maganar da ba ki faɗa ba, ta sauko ta zauna a hannunki. Je ki faɗe ta ki dawo. Takarda sau ɗaya ce.”

Na fita baranda na ja ƙofar gilas. Rana ta fara zafi, ƙasa masu tasi suna ta zagin juna. Na fito da waya da yatsu masu tawada, na rubuta kafin tsoro ya cim mini:

“Malam, tambayar da na yi shekara biyu ina gudu. Ba zan iya barin aikin Dokki ba, ko bayan aure. Ba tafinta kaɗai nake so ba, so nake in koyi aikin, in zama cikinsu. In haka ne fa?”

Ya karanta nan take. Yana rubutu, ya tsaya. Yana rubutu, ya tsaya. Na ƙirga barandar ginin da ke kallonmu, goma sha takwas, na ƙirga masu shanya, bakwai. Sai ga shi:

“To sai a daure.”

Na karanta sau biyar. Jama'a, ku gaya min, me ya ce? A daure, a yi haƙuri, a jingine maganar har in dawo hayyacina? Ko a ɗaure? Duk 'yan uwanmu haka suke rubutu a waya, ba mai wahalar neman ƙugiya, kowa yana ganewa. Ni kuwa yau rayuwata gaba ɗaya tana rataye a wurin da ba a sa ba.

“Da ƙugiya ko babu?” na tura.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Na ɗauka.

“Malama,” ya ce, ina jin murmushin nan nasa na kallon ƙasa, “wayata ce ba ta da ita. Bakina yana da ita. Sai a ɗaure.”

Ya danna ɗ ɗin nan sosai, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Na jingina da bango.

“Da Dokkin?”

“Da ita. Kin zaci ban sani ba? Duk ranar da kika dawo daga can muryarki daban take. Jira nake ki faɗa da kanki, kika yi ta ba ni labarin tumatir.”

Na rufe baki da mayafi, ban san dariya nake ba ko kuka. Ina shirin cewa wani abu, ban ma san me ba, ya riga ni.

“Sai dai ki yi haƙuri, ba ni kaɗai ba ne. Tun ɗazu na zo Faisal. Ga Yaya Harun kusa da ni, na buɗe masa muryar.”

Na ji gyaran murya, wadda na sani tun ina goye.

“Na ji abin da Kamilu ya ce, na kuma tsaya a kan maganata, wannan tsakaninku ne. Saura nawa. Sabuwa, an cire sunan Baba?”

Na juya na kalli cikin ɗakin ta gilas. Madam tana tsaye bakin farar takarda, buroshin a tafin hannunta biyu tana jirana. Mista Reto kuwa ya riga ya fara aiki. A fuskar kwamfutarsa ga sunansa, ga nata, ga kuma YA'ƘUB a tsakiya da manyan haruffa, ya sunkuya yana ƙara wa ƙugiyar Ƙ girma don kar kowa ya sake kuskure.

“Sabuwa, ina jin ki,” Yaya ya ce.